Haɗa Kan Masu Jiyyar Ciwon Ƙanjamau: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Ga bayani ga hakimai da malamansu a kan wani al'amari wanda ya shafi rayukan talakawan da ke hannunsu. Al'amarin kuwa shi ne jiyyar mutanen da ke ɗauke da ƙwayar HIV, watau ƙwayar da ke kawo ciwon ƙanjamau, da yadda za a haɗa kan masu wannan jiyya don kada majiyyaci ya suɓuce tsakanin wannan hannu da wancan.

Dalilin kawo maganar gaban hakimai shi ne, magani ya samu, a asibitocin Gwamnati kuma kyauta a ke ba da shi, amma duk da haka ba a daina binne mutane sabo da wannan ciwo ba. Wani ya makara bai je asibiti ba sai da jiki ya ƙare. Wani ya fara shan magani, ya ji sauƙi, ya bari. Wata ta haihu a gida, jaririnta bai sami rigakafi ba. Waɗannan duk abubuwa ne da su ke faruwa a ƙauyuka da unguwanni, inda idon likita ba ya kaiwa, amma idon dagaci da mai unguwa yana kaiwa.

ASALIN CIWON DA YADDA YA KE

A shekarar 1981 likitocin Amurka suka fara ba da labarin wannan ciwo. A 1983 masana na Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris, ƙasar Faransa, suka gano ƙwayar da ke kawo shi. A Nijeriya kuwa a 1986 aka bayyana samunsa.

Cikin jinin ɗan Adam akwai waɗansu ƙwayoyin halitta waɗanda Allah ya sa su zama kamar dakarun tsaron jiki, likitoci suna kiransu CD4. Mai lafiya yana da tsakanin 500 da 1,500 a cikin ɗan ɗigon da a ke aunawa. To, ƙwayar HIV su ta ke bi tana kashewa a hankali. Mutum ya kan yi shekaru yana noma, yana fatauci, yana aure, ba shi da wata alama. Sa'ad da dakarun nan suka kasa 200, sai cututtuka su sami ƙofa a buɗe: tarin fuka, da zawo mai daɗewa, da farin ƙuraje a baki, da ciwon kai mai tsanani wanda ya kan taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan mataki shi a ke kira ƙanjamau. Sabo da haka ya kamata a bambanta mai ɗauke da ƙwayar da mai ƙanjamau. Wanda ya sha magani da wuri, ya kuma dawwama a kansa, ba lalle ne ya kai wannan mataki ba har iyakar ransa.

Ta hanya uku ƙwayar ke shiga jiki. Ta farko ita ce saduwar namiji da mace. Ta biyu ita ce jini, kamar ƙarin jinin da ba a gwada ba, ko allura, ko aska, ko reza wadda aka yi wa wani aiki da ita ba a tsarkake ta ba. Ta uku ita ce daga uwa zuwa ɗanta, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko wajen shan nono. Ba a ɗaukarta ta musafaha, ko cin tuwo a ƙwarya ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko buta, ko tabarma, ko cizon sauro. In mai ita ya rasu, a yi masa sutura kamar kowa, sai dai mai wanka ya sa safar hannu.

A 2018 Gwamnatin Tarayya ta yi babban bincike gida gida a dukan jihohi, aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019. Binciken ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na mutanen da ke tsakanin shekara 15 da 49 suna ɗauke da ƙwayar, watau mutum 14 cikin ko wane 1,000, jimillar masu ita kuma aka kimanta wajen miliyan 1.9. Mata sun ninka maza, gama a mata kashi 1.9 ne, a maza 0.9. Yankin Arewa maso Yamma shi ne mafi ƙaranci, kashi 0.6, Kudu maso Kudu kuwa 3.1. Amma kada ƙanƙantar wannan lissafi ta sa a yi sake. In an bi wannan awo, gundumar da ta ke da baligai 50,000 za a iya samun mutum 300 a cikinta, ko wanne kuwa yana da iyali.

MAGANIN DA YA SAMU

An fara ba da maganin farko a 1987, amma shi kaɗai ƙarfinsa bai daɗewa. A 1996 aka gane cewa in an haɗa magani uku, suna danne ƙwayar ƙwarai. Gwamnatin Nijeriya ta fara rarraba su a 2002, ta mai da su kyauta a 2006. Tun 2016 kuma ba a jiran jiki ya raunana, duk wanda gwaji ya nuna yana da ƙwayar a kan fara ba shi magani nan da nan. Yau mafi yawan baligai ƙwaya ɗaya tak su ke sha a yini, wadda ta haɗa magani uku, ana kiranta TLD.

Lalle ne hakimai su fahimci abu biyu game da maganin nan. Na farko, ba ya fitar da ƙwayar daga jiki, danne ta ya ke yi, sabo da haka shansa na muddin rai ne. In aka bari, cikin makonni kaɗan ƙwayar za ta sake yawaita, har ma ta yiwu ta yi taurin da maganin ba zai ƙara cinta ba. Na biyu, wanda ya kiyaye shansa har awon jini ya nuna ƙwayar ta kasa 200 a ma'auni, ta kuma zauna a haka, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Ke nan maganin yana tsare mai shansa, yana kuma tsare iyalinsa.

ABIN DA A KE NUFI DA HAƊA KAN JIYYA

Mai ɗauke da HIV ba hannu ɗaya ke jiyyarsa ba. Akwai mai gwajin jini, da mai ba da shawara, da likita, da ma'aikaciyar jiyya, watau nas, da mai ba da magani, da ɗakin tarin fuka, da ɗakin awon ciki, da malamin asibitin ƙauye, da mai bin sawu wanda ya ke zuwa har gida. Bayan waɗannan kuma ga iyalinsa. In ko wanne yana aikinsa bai san abin da ɗan'uwansa ya yi ba, majiyyaci ne zai sha wahala. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sabo da haka a ke ɗora wa mutum ɗaya nauyin riƙe igiyar duka, mafi yawa kuwa nas ce ko ungozomar asibiti, don ita ta fi kowa ganin majiyyaci. Likitoci ba su wadata ba, balle a karkara. Shi ya sa a 2014 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin raba aiki, wanda ya ba nas da ungozoma da malaman lafiya na ƙauye damar yin waɗansu ayyuka da a dā sai likita, bayan an horar da su. Yanzu nas mai horo tana iya fara ba da maganin HIV, ta ci gaba da duba mai shansa, sai abin da ya gagare ta ta aika wa likita.

Ga abubuwan da ke wuyanta. Ita ke buɗe wa majiyyaci kati da lamba, ta rubuta ƙauyensu da hanyar samunsa, da yardarsa. Ita ke yanka masa ranar dawowa, ta riƙe littafin da ke nuna wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ita ke tabbatar da an ɗibi jininsa don awon yawan ƙwayar bayan wata 6 da fara magani, da bayan wata 12, sa'an nan shekara shekara, ta kuma bi sakamakon har ya dawo daga babban ɗakin gwaji ya shiga katinsa. In sakamakon ya haura 1,000, ita ke zaunar da shi ta binciki abin da ke hana shi sha, a yi ta ba shi shawara har wata 3, a sake awo. In bai sauka ba, ta kai maganarsa ga likita don a sake masa magani. Har wa yau ita ke taimakonsa ya zaɓi mutum ɗaya amintacce cikin danginsa wanda zai riƙa tuna masa lokacin sha. In za ta aika shi wani ɗaki ko wani asibiti, sai ta haɗa shi da takarda, ta kuma nemi amsa, gama aikawa ba tare da bin sawu ba, rabin aiki ne.

Wanda jikinsa ya daidaita ba sai ya riƙa zuwa wata wata ba. A kan ba shi maganin wata 3, har zuwa na wata 6. A waɗansu wurare mutanen gari ɗaya su kan haɗa ƙungiya, ɗaya ya je ya karɓo wa sauran, don rage kuɗin mota. Amma wanda ya zo a makare, dakarun jininsa sun kasa 200, shi a ke sa wa ido ƙwarai a watannin farko, domin a lokacin nan ne haɗarin mutuwa ya fi yawa.

TARIN FUKA

Babu ciwon da ya kai tarin fuka kashe masu ɗauke da HIV. Don haka duk ranar da majiyyaci ya zo, nas ta kan yi masa tambaya huɗu: ko yana tari, ko yana zazzaɓi, ko yana gumin dare, ko yana ramewa. In ya amsa ɗaya daga ciki, sai a gwada majinarsa. In ba shi da tarin, a kan ba shi maganin rigakafinsa, kamar isoniyazid na wata 6. Haka kuma duk wanda aka sama da tarin fuka, ya kamata a yi masa gwajin HIV.

Ga misali wanda zai nuna amfanin haɗa kai. A ce wani manomi yana karɓar TLD a babban asibiti, sai tari ya kama shi, ya je asibitin garinsu, aka sa shi a kan maganin tarin fuka. Kunya ta hana shi faɗin cewa yana shan wani magani, ba a kuwa tambaye shi ba. To, cikin maganin tarin akwai wani mai suna rifamfisin, wanda ya ke sa hanta ta yi saurin kawar da ɗaya daga cikin magunguna ukun nan na TLD, watau dolutegirabir. In nas ta sani, sai ta ƙara masa ƙwaya ɗaya ta dolutegirabir wadda zai riƙa sha bayan awa 12, shi ke nan an toshe ɓarakar. In ba ta sani ba, mutumin zai yi ta shan magungunansa bai fasa ba ko rana ɗaya, amma ƙarfin na HIV ya ragu a jininsa. 'Yar takarda ɗaya tsakanin ɗakuna biyu ita ce bambancin.

MATA MASU CIKI DA JARIRAI

In ba a yi kome ba, cikin jarirai 100 da uwaye masu HIV suka haifa, tsakanin 15 da 45 za su ɗauki ƙwayar. In uwa ta sha magani tun tana da ciki har ta yaye, adadin ya kan kasa 5. Duk da haka Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa, babban dalili kuwa shi ne mata da yawa ba su zuwa awon ciki, a gida kuma su ke haihuwa.

Tsarin shi ne, ko wace mace mai ciki a gwada ta a zuwan farko. In tana da ƙwayar, ta fara magani nan take. In ta haihu, a fara ba jaririn ruwan maganin rigakafi tun ranar haihuwa, kada a jira suna, kada a jira arba'in. In ya kai mako 6 a ɗibi ɗigon jininsa don gwaji na musamman, a kuma fara ba shi kotirimokzazol, wanda jama'a suka sani da Septrin. Uwa ta ba shi nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba rubutu, ba koko, sa'an nan ta haɗa da abinci, tana kuma shan maganinta. Ba a yanke hukuncin cewa yaro ya tsira sai an yi gwajin ƙarshe, yana da wata 18 ko bayan yaye da wata 3, duk wanda ya zo daga baya.

A nan ma a kan yi rashi. Mace ta kan yi awo a garin mijinta, ta tafi goyon ciki ko wankan jego gidan iyayenta, inda babu wanda ya san halin da ta ke ciki. Tilas ne nas ta tambaye ta tun da wuri inda za ta haihu, ta ba ta maganin da zai ishe ta, da takarda zuwa asibitin can. Ungozomomin gargajiya su ma abokan aiki ne, in an koya musu su riƙa raka mata awo, su kuma kai jariri asibiti da an haife shi.

Akwai wata magana mai nauyi da ta kamata hakimai da alƙalai da limamai su riƙe. Da ya ke mata su ke zuwa awon ciki, sau da yawa su a ke fara gwadawa a gida. Wadda aka fara samu da ƙwayar ba lalle ne ita ta kawo ta ba. A kan kuma sami miji da mata sun yi shekaru tare, ɗaya yana da ita, ɗaya ba shi da ita. Sakin mace ko korarta sabo da sakamakon gwaji zalunci ne, yana kuma sa sauran mata su guji awo. Abin da ya dace shi ne miji da kishiyoyi da yara duk a gwada su, mai ita ya sha magani, marar ita kuwa akwai maganin rigakafi da za a iya ba shi. Bugu da ƙari, mata masu HIV sun fi sauran mata haɗarin ciwon dajin bakin mahaifa har ninki 6, don haka nas ta kan aika su gwajinsa.

MATAFIYA DA WAƊANDA SUKA ƁACE

Mutanen Arewa matafiya ne. Da an kai amfanin gona gida, samari su kan tafi cin rani Ikko ko Fatakwal ko Abuja. Makiyaya suna bin ruwa da ciyawa. Fatake suna ƙetare iyaka ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Illela zuwa Birnin Ƙonni. Waɗansu kuma rashin zaman lafiya ya kore su daga garuruwansu. Duk mai niyyar tafiya ya gaya wa nas tun kafin ya tashi, ta ba shi magani na watanni, da takardar sauya asibiti mai ɗauke da lambarsa da irin maganin da ya ke sha.

Wanda ranar dawowarsa ta wuce, a kan fara nemansa ta waya, sa'an nan mai bin sawu ya je gida. In ya kai kwana 28 bai zo ba, a kan lissafa shi cikin waɗanda maganinsu ya yanke. Da yawa cikin masu bin sawun nan su kansu suna ɗauke da ƙwayar, suna kuma cikin ƙoshin lafiya, shi ya sa maganarsu ta fi shiga. Wanda ya dawo bayan yankewa, a karɓe shi da fara'a, ba da faɗa ba, don tsoron faɗa shi ke sa wani ya ƙi dawowa har abada.

Game da azumin watan Ramadan, mai shan ƙwaya ɗaya a yini ya shawarci nas tun kafin wata ya kama, ta nuna masa yadda zai mai da lokacin shansa dare. Kada ya bar magani sabo da azumi.

RUFIN ASIRI

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk tsarin nan a kan amana ya ke tsaye, in ta rushe, babu mai zuwa gwaji. A 2014 aka kafa dokar Tarayya wadda ta hana nuna wa masu HIV bambanci a wurin aiki, da makaranta, da asibiti, ta kuma hana bayyana halin mutum ba da yardarsa ba.

Sabo da haka hakimi ba shi da bukatar sanin sunan ko mutum ɗaya, bai kuma kamata ya tambayi nas ba. Malamin hakimi kada ya rubuta sunayen masu karɓar magani a wani littafi. In mai bin sawu ya zo gari yana tambayar gidan wane, mai unguwa ya nuna masa hanya, kada ya tambayi dalili, kada kuma ya kai zancen dandali. In wani ya kawo wa hakimi sirrinsa da kansa, ya zama amana a wuyansa.

A Jihar Kano, tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na HIV. Inda a ke wannan gwaji, sakamakon na masu neman auren ne, a gaban ma'aikacin lafiya za a warware musu ma'anarsa. Ba abin karantawa ba ne a wurin ɗaurin aure.

AIKIN HAKIMI

Hakimai sun riga sun gwada ƙarfinsu a yaƙi da shan inna. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan lafiya a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suka bi gida gida, har a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka. Irin wannan tsayuwa a ke bukata a nan, sai dai wannan karon da rufin asiri.

Na ɗaya, hakimi ya san shugabar masu jiyya ta ko wane asibiti a ƙasarsa, ya riƙa zama da ita a kai a kai tare da kwamitin raya mazaɓa, ya ji abin da ya tsare mata aiki: hanya ce ta lalace, ko magani ne ya yanke, ko ma'aikata ne suka yi kaɗan. Abin da ya fi ƙarfinsa ya kai wa Ƙaramar Hukuma da Majalisar Sarki.

Na biyu, ya umarci dagatai su gargaɗi magidanta su bar matansu zuwa awon ciki, su ma su raka su a gwada su tare. In hakimi da kansa ya miƙa yatsa aka gwada shi a gaban jama'a, ya fi jawabi goma.

Na uku, ya tara wanzamai ta hannun Sarkin Aska, a yi yarjejeniya cewa kaciya, da ƙaho, da askin suna, ko wane mutum da sabuwar rezarsa. Masu yin allura a kemis kuma, allura ɗaya mutum ɗaya.

Na huɗu, ya hana masu tallan magani a kasuwa da'awar warkar da ƙanjamau. Babu wani sassaƙe ko gari ko jiƙo da aka tabbatar yana kawar da ƙwayar. Addu'a abu ne mai kyau, amma a haɗa ta da shan magani. Limamai da shugabannin coci su taimaka da wannan gargaɗi.

Na biyar, in an kawo ƙarar fyaɗe gaban mai unguwa ko dagaci, asibiti za a fara kai wadda aka zalunta, kafin ko wace magana. Akwai maganin da ke hana ƙwayar kama jiki in an fara shi cikin awa 72, a sha shi kwana 28. In aka tsaya neman sulhu har kwana uku suka wuce, an rasa wannan dama, ba ta kuwa dawowa.

Na shida, ya tuna da marasa ƙarfi. Magani kyauta ne, amma kuɗin mota da abinci ba kyauta ba ne. In ana rabon zakka ko hatsi, a ba nas wani kaso ta rarraba wa mabukatan da ta sani, ba tare da an kira suna ba.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Malami shi ne tunin hakimi. Ya riƙe jerin asibitocin gunduma, da waɗanda a ke gwaji a cikinsu, da waɗanda a ke ba da magani, da ranakun awon ciki, don duk wanda ya tambaya a nuna masa. Ya rubuta abin da aka zartar a ko wane zama, da wanda aka ɗora wa, da ranar da za a duba ko an cika. Ya karɓi labarin haihuwa daga masu unguwanni, ya gwada jimillarsu da ta matan da suka je awo, don a gane ƙauyen da ya ke baya. Lissafi zai rubuta, ba suna ba. In takardar kuka za ta tafi Ƙaramar Hukuma, kada ta kwana a aljihunsa.

KAMMALAWA

Shekaru da yawa, babban kaso na kuɗin magani da na albashin masu bin sawu daga waje ya ke zuwa, watau daga Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro wanda aka kafa a 2002, da shirin PEPFAR na Amurka wanda aka fara a 2003. A watan Janairu na 2025 Gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da ta ke bai wa ƙasashen waje, ayyuka da yawa na cikin ƙauyuka suka girgiza a ƙasashen Afirka. Wannan ya nuna cewa wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, wata rana zai kwana da yunwa. Sayen magani aikin Gwamnati ne, da hukumar NACA mai kula da yaƙi da ciwon a Tarayya, da takwarorinta na jihohi. Amma raka mace awo, da dawo da wanda ya ɓace, da kame baki, ba su bukatar kuɗin kowa.

Ƙasashen duniya sun yi alkawarin kawar da ƙanjamau daga cikin manyan barazanar lafiyar jama'a nan da 2030. Ma'aunin da aka sa shi ne, cikin masu ƙwayar 100, a ce 95 sun san suna da ita, cikinsu 95 bisa 100 suna shan magani, cikin waɗannan kuma 95 bisa 100 ƙwayar ta kwanta a jininsu. Ana roƙon ko wane hakimi, da ya koma gida, ya kira shugabar masu jiyya ta ƙasarsa kafin wata ya ƙare, malaminsa kuma ya buɗe shafi don wannan aiki.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jiyya da alheri, ya ƙara wa sarakuna da hakimai imani da adalci. Amin.